Sharhi: Wane irin ƙarfi PlayStation 6 za ta zo da shi, kuma wa zai iya sayenta?

A watan Nuwamban 2025 ne na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 5, wadda kamfanin Sony na ƙasar Japan ke ƙerawa, ta cika shekara biyar a kasuwa. A al'adar wannan sana'a, duk na'urar da ta kai wannan matsayi ta fara gangara ke nan: a rage mata jiki, a karya mata farashi, hankalin jama'a kuma ya koma kan wadda za ta gaje ta. An rage wa PS5 jiki tun a 2023, zancen PlayStation 6 kuma ya riga ya cika bakunan masu bibiyar harkar. Farashi ne kaɗai ya ƙi bin al'ada. A Amurka, na'urar da aka fara sayarwa dala 500 a 2020 ta koma dala 550 a watan Agustan 2025, bayan ƙarin da aka riga aka yi a Turai, Birtaniya da Japan tun 2022.

Wannan baƙon abu ne a tarihin PlayStation. PS2 ta fito Amurka a kan dala 299 a shekarar 2000, ta sauko dala 199 a 2002, ta ƙare a kan dala 99 a 2009. PS4 ta fito a kan dala 399 a 2013, kafin ta cika shekara uku ana samunta a kan dala 299. Saboda haka duk mai son hasashen abin da PS6 za ta ƙunsa, wajibi ne ya fara daga dalilin da ya hana PS5 yin araha, domin dalilin nan shi zai yanka wa magajiyarta riga. Injiniyoyi na iya ƙera na'urar da ta ninka PS5 sau goma, amma tambayar da ke gaban Sony ita ce nawa za ta ci, kuma mutum nawa ne za su iya biya.

Abin da aka riga aka sani

Har yanzu Sony bai sanar da suna, ko rana, ko farashin sabuwar na'urar ba. Duk da haka akwai alamomi masu ƙarfi da suka fito daga bakin masu abin. A watan Disambar 2024, Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PS4 da PS5, ya bayyana wata haɗin gwiwa da kamfanin AMD na Amurka mai suna Project Amethyst, wadda manufarta ita ce shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin aikin zana hoton wasa. A watan Oktoban 2025 kuma ya fito tare da Jack Huynh, shugaban sashen kwamfuta da zanen hoto na AMD, suka bayyana fasahohi uku da suke ginawa. Cerny ya ce a yanzu ana gwada su ne a cikin kwaikwayon kwamfuta kawai, kuma yana sa ran ganinsu cikin wata na'ura mai zuwa nan da 'yan shekaru.

Kafin nan, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoto a watan Satumbar 2024 cewa AMD ne ya yi nasarar samun kwangilar ƙera ƙwaƙwalwar PS6 tun a 2022, bayan ya kayar da Intel, kuma batun iya buga tsofaffin wasanni na cikin abubuwan da aka auna. Wannan ya daidaita da hankali. Tun daga PS4, Sony ya yi watsi da ƙera ƙwaƙwalwa ta musamman irin ta PS3, ya koma tsarin da kwamfutocin gida ke amfani da shi. Mutanen da suka tara ɗaruruwan wasanni a asusunsu na intanet ba za su yarda a ce musu su fara daga farko ba, kuma waɗannan wasanni su ne igiyar da ke ɗaure mai saye ga PlayStation. Don haka abu na farko da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne PS6 za ta zo da ƙwaƙwalwar AMD, kuma za ta buga wasannin PS5 da na PS4.

Yaushe za ta fito?

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, tarihin Sony kuma yana da tsari. PS3 ta fito a Nuwamban 2006, PS4 a Nuwamban 2013, PS5 a Nuwamban 2020. Tazarar shekara bakwai ce kowane karo, kuma samfurin Pro na fitowa a tsakiya: PS4 Pro a 2016, PS5 Pro a 2024. Idan aka bi wannan lissafi, Nuwamban 2027 ne lokacin PS6. Sai dai PS5 Pro ta makara da shekara guda idan aka kwatanta da PS4 Pro, sannan a takardun da Microsoft ya gabatar wa kotu a 2023, lokacin shari'arsa da hukumar kula da cinikayya ta Amurka kan sayen kamfanin Activision Blizzard, ya ce yana sa ran sabon zangon na'urori zai fara ne a 2028.

Akwai kuma dalilin kasuwa da zai sa Sony ya ƙi gaggawa. Ya zuwa ƙarshen Satumbar 2025 an fitar da PS5 sama da miliyan 84, kuma wasan Grand Theft Auto VI, wanda aka ɗage zuwa 19 ga Nuwamban 2026, zai janyo mata sababbin masu saye da yawa. Babu ɗan kasuwar da ke rufe shago a ranar da kasuwa ta cika. Hasashena shi ne ƙarshen 2027 ne mafi kusa, amma 2028 ba za ta ba kowa mamaki ba, kuma farashin kayan haɗi ne zai raba gardamar.

Katangar kuɗi da katangar zafi

Ƙwaƙwalwar na'ura wani ɗan guntun silikon ne da ake kira cip, wanda ke ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnan lantarki. Shekaru da dama, duk lokacin da masana'antu suka ƙara ƙanƙanta waɗannan makunnai, cip na ƙara ƙarfi, yana rage shan wuta, yana kuma ƙara araha. Wannan ne ya sa PS2 ta iya saukowa dala 99. Yanzu ƙanƙantawar na ci gaba, amma arahar ta tsaya. Injiniyoyin Microsoft sun faɗi haka ƙarara a 2020, suka ce shi ne dalilin da ya sa suka fitar da ƙaramar Xbox Series S tun ranar farko, maimakon su jira babbar ta yi sauƙi.

Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke buga cip ɗin PS5. Ya fara da tsarin da ake kira nanomita 7, daga baya ya koma nanomita 6. Tsarin nanomita 3 ya shiga wayoyin iPhone tun 2023, na nanomita 2 kuwa shi ne sabo fil, kuma masu manyan aljihu irin su Apple da masu cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ne ke gaba a layi. Na'urar wasa ba ta cika hawa sabon tsari da zafinsa ba. Mafi kusa ga hankali shi ne PS6 ta zauna a kan nanomita 3, wanda zuwa 2027 zai riga ya nuna, kurakuransa sun ragu.

Sony na da tabon da ba zai manta ba a kan wannan batu. PS3 ta fito a kan dala 499 da 599 a 2006, masu nazarin kasuwa kuma sun ƙiyasta cewa kuɗin ƙera babbar ya haura dala 800. Kamfanin ya yi shekaru yana tafka asara a kan kowace guda, Xbox 360 kuma ta kwashe masa kasuwar Amurka. Tun daga nan aka daina ƙera na'ura a kan alfahari.

Katanga ta biyu ita ce wuta da zafi. PS5 na shan kimanin wat 200 idan ana buga babban wasa, kuma don a sanyaya wannan ne aka yi ta da girman da ya zama abin barkwanci, aka kuma shafa wa cip ɗinta narkakken ƙarfe maimakon man sanyaya da aka saba. Katin zanen hoto mafi ƙarfi na Nvidia, wato RTX 5090, yana shan wat 575 shi kaɗai, farashinsa na hukuma dala 1,999. Ba za a iya cusa irin wannan cikin akwatin da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin ba. Microsoft ya ɗanɗana kuɗar raina zafi a 2007, lokacin da ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyaran Xbox 360 da ke mutuwa a hannun jama'a. Don haka PS6 za ta tsaya a kusa da wat 200, ko ma ƙasa da haka, kuma duk wani ƙarin ƙarfi dole ya fito daga inganci.

Ram, inda gizo ke saƙa

Idan akwai adadi guda da ke nuna yadda zamani ya sauya, to shi ne na ma'adanar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, wadda aka fi sani da ram. PlayStation ta farko na da megabait 2 na babban ram, PS2 na da 32, PS3 na da 512 gaba ɗaya, PS4 ta zo da gigabait 8. Kowane zango ninki goma sha shida ke nan. PS5 kuwa gigabait 16 ta zo da shi, ninki biyu kacal. A wancan karon Sony ya rufe giɓin da rumbun ajiya na SSD mai gudun gigabait 5.5 a daƙiƙa, wanda ya ba wasa damar jawo abin da yake buƙata nan take. Wannan dabara an riga an ci ta, ba za a sake cinta ba.

Ana iya yin lissafin ram ɗin PS6 daga abin da ke kasuwa. Sabon nau'in GDDR7, wanda ya shiga katunan Nvidia a farkon 2025, yana zuwa ne a guntaye masu gigabait 2 ko 3, kowane guda na hawa layi mai faɗin bit 32. PS5 na da guntaye takwas a kan layi mai bit 256, abin da ke ba ta gudun gigabait 448 a daƙiƙa. Idan Sony ya riƙe wannan faɗi da guntaye masu gigabait 3, za a sami gigabait 24, gudun kuma zai kusan ninka na PS5. Idan ya rage faɗin layin don cip ya ƙanƙance, sannan ya jera guntaye gaba da baya, misali goma a kan bit 160, za a sami gigabait 30 da gudun da bai kai na farkon ba. Duk ta inda aka ɓullo, amsar na tsakanin gigabait 24 zuwa 32. Ƙasa da haka zai shaƙe wasannin da za a yi ta bugawa har tsakiyar shekarun 2030, sama da haka kuma aljihu ba zai ɗauka ba.

Matsalar ita ce kasuwar ram ta rikice a rabin ƙarshe na 2025. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke riƙe da mafi yawan abin da duniya ke samarwa, kuma sun karkata masana'antunsu ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke biyan kuɗi mai tsoka. Farashin ram na kwamfutocin gida ya yi tashin gwauron zabi, har Micron ya sanar a watan Disamba cewa zai daina sayar da kayansa na Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. Na'urar wasa na buƙatar kwangilar guntaye ɗaruruwan miliyoyi a farashi mai sauƙi na tsawon shekaru. Muddin wannan tsada ta ɗore zuwa lokacin da Sony zai ƙulla kwangilarsa, zaɓi uku ne a gabansa: ya rage ram, ya ɗaga farashi, ko ya ɗage fitowar na'urar.

An daina auna na'ura da terafulof

A 2020 gardamar masu sha'awar wasa ta ta'allaƙa ne a kan terafulof, wato ma'aunin yawan lissafin da sashen zana hoto ke iya yi, tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. Xbox Series X na da 12, PS5 na da 10.28, aka yi ta shelar cewa Sony ya sha kaye tun kafin a shiga fili. Da wasanni suka fito, sai aka tarar bambancin ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma PS5 ce ke gaba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Daga PS4 mai terafulof 1.84 zuwa PS5 an sami ninki biyar da rabi. Kada a sa ran irin wannan tsalle. PS5 Pro ta ƙara sassan lissafi da kashi 67 cikin ɗari da gudun ram da kashi 28, amma Sony da kansa ya ce ƙarin saurin zana hoto bai wuce kashi 45 ba, kuma an sayar da ita dala 700 ba tare da mazubin faifai ba. Wani ma'aunin shi ne katin Radeon RX 9070 XT da AMD ya fitar a watan Maris na 2025, mai farashin dala 599 da shan wuta wat 304. A 2025, kati guda ya fi PS5 gaba ɗayanta tsada da shan wuta. Aikin da ke gaban Cerny shi ne ya matso da irin wannan ƙarfi, ko ɗan sama da shi, cikin na'ura cikakkiya mai wat 200. A kan haka nake hasashen cewa a zanen hoto na gargajiya PS6 za ta ninka PS5 sau biyu zuwa uku ne kawai.

Sashen da zai fi amfana a ɓoye shi ne na lissafin gaba ɗaya, wanda ke tafiyar da motsin jama'a a titi, dabarun abokan gaba da dokokin duniyar wasa. PS5 na amfani da tsarin Zen 2 na 2019 mai cibiyoyi takwas, kuma PS5 Pro ba ta canza shi ba, ta ɗan ƙara masa gudu ne kawai. Shi ya sa wasu manyan wasanni ke maƙalewa a hotuna 30 a daƙiƙa komai kyan sashen zanen. AMD ya tsara fitar da Zen 6 a 2026, kuma tun da al'adar Sony ce ya ɗauki tsarin da ya girmi na'urar da shekara ɗaya ko biyu, shi ne ake sa ran gani. Wannan zai mayar da hotuna 60 a daƙiƙa ya zama gwargwado na yau da kullum. Cerny ya taɓa bayyana cewa idan aka ba 'yan wasan PS5 zaɓi, kusan kashi uku cikin huɗu na lokuta santsin motsi suke zaɓa a kan kyan hoto.

Inda ainihin tsallen yake

Fasahohi ukun da aka bayyana a Oktoban 2025 sun nuna inda Sony ya zuba jarinsa. Ta farko, Neural Arrays, tana haɗa sassan lissafi su yi aiki a dunƙule kan ayyukan ƙirƙirarriyar basira. Amfaninta na kusa shi ne ɗaukaka hoto. Allon 4K na da ɗigo sama da miliyan takwas, na 1080p kuwa miliyan biyu da 'yan kai. Maimakon na'ura ta wahala wajen zana miliyan takwas sau sittin a daƙiƙa, sai ta zana rubu'i ko rabinsu, wata horarriyar manhaja ta cike sauran ta yadda ido ba zai gane ba. Nvidia ya daɗe yana yin haka da DLSS, Sony ya fara da PSSR a PS5 Pro, AMD kuma ya fitar da FSR 4 a 2025, wanda aikin Amethyst ya taimaka wajen gina shi.

Ta biyu, Radiance Cores, sashe ne da aka keɓe don bin sawun haske, wato lissafin yadda kowane zaren haske ke tasowa daga fitila ko rana, ya bugi bango, ya karye a ruwa, ya haifar da inuwa. PS5 na iya yin wannan a taƙaice, kamar yadda ake gani a tagogin benaye cikin wasan Spider-Man 2, amma haskaka duniyar wasa kacokan ta wannan hanya, irin wanda Cyberpunk 2077 ya kawo wa manyan kwamfutoci a 2023, ya fi ƙarfinta. A nan ne AMD ya daɗe yana bayan Nvidia, a nan ne kuma PS6 za ta iya ninka PS5 sau da yawa fiye da ukun da aka ambata. Ta uku, Universal Compression, tana matse duk bayanan da ke kai-komo tsakanin cip da ram. Wannan ita ce ta fi tona asirin tsarin: wanda ke da ram mai yalwa da faffaɗan layi ba ya damuwa da matsi. Sony na shirin yin aiki mai yawa da kaya kaɗan ne.

Akwai hujjar da ta sa bin sawun haske ya wuce ado. Takardun da suka fallasa a shari'ar 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212. Wani kaso na wannan wahala na tafiya ne wajen shirya haske da hannu, ɗaki bayan ɗaki. Idan na'ura za ta yi lissafin da kanta, an rage wa masu ƙirƙira aiki. Na'urar da ta ƙara wa wasa tsadar yi ba za ta yi wa Sony rana ba, musamman bayan wasan Concord da ya janye daga kasuwa makonni biyu da fitowarsa a 2024.

Abin da maƙwabta ke koyarwa

Nintendo ya sake nuna cewa ƙarfi ba shi ke sayar da na'ura ba. Switch 2, wadda ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 450 da cip ɗin Nvidia da ram gigabait 12, ba ta kai PS5 ƙarfi ba, amma an sayar da miliyan 3.5 a kwana huɗu, ta haura miliyan 10 kafin ƙarshen Satumba. Microsoft kuwa ya nufi wata hanyar dabam. A watan Yunin 2025 ya sanar da yarjejeniyar shekaru da AMD, daga baya Sarah Bond, shugabar Xbox a lokacin, ta bayyana na'urarsu mai zuwa a matsayin ta alfarma mai babban matsayi, kalaman da kowa ya fassara da tsada. Kamfanin Valve ma ya sanar da Steam Machine a watan Nuwamba.

Wannan ya bar wa Sony tsakiyar fili. Ribarsa ba daga jikin na'ura take fitowa ba, daga kason da yake yanka a kan kowane wasa da kuɗin rajistar PlayStation Plus take zuwa, sashen wasanni kuma shi ne mafi girman ciniki a duk kamfanin, sama da yen tiriliyan huɗu a shekara. Irin wannan kasuwanci na buƙatar mutane miliyan ɗari, ba miliyan goma masu kuɗi ba. Don haka babu dalilin da zai sa Sony ya bi Microsoft tseren ƙarfi.

Akwai kuma alamun na'urar hannu. Bloomberg ya ba da rahoto a Nuwamban 2024 cewa Sony na aikin wata ƙaramar na'ura da za ta buga wasannin PS5, a 2025 kuma kamfanin ya ƙara wa PS5 wani tsarin rage shan wuta da ke sa wasa ya gudana da ƙaramin ƙarfi. Masu nazari da dama na ganin share fage ne. Idan haka ta tabbata, za a riƙa gina wasannin zango mai zuwa ta yadda za su hau ƙaramar na'ura, abin da zai ƙara tsawon ran PS5 kanta.

Farashi, da abin da ya shafi mai saye a Najeriya

Idan PS5 mai shekara biyar ta kai dala 550, PS5 Pro kuma dala 750 bayan ƙarin Agustan 2025, to zancen PS6 a kan dala 500 mafarki ne. Hasashena shi ne dala 600 zuwa 700, kuma mazubin faifai a saye shi daban, kamar yadda aka yi wa PS5 Pro. Idan rikicin ram ya yi ƙamari, adadin na iya wuce nan.

A nan gida lissafin ya fi ɗaci. Lokacin da PS5 ta fito, dala ba ta kai naira 500 ba ko a kasuwar bayan fage. A ƙarshen 2025 ta haura naira 1,400. Dala 600 a wannan canji naira 840,000 ce, kafin a sa kuɗin dako, kwastan da ribar ɗan kasuwa, wato albashin shekara guda cur na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Yawancin matasan Kano, Kaduna, Jos ko Sakkwato ba a gida suke haɗuwa da PlayStation ba, a shagunan gem na unguwa ne, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo, kuma da yawan waɗannan shaguna har yanzu PS4 ce ke riƙe da su, wasu ma PS3. Ga mai irin wannan shago, wat ya fi terafulof muhimmanci, domin na'ura goma masu shan wat 200 kilowat biyu ne kafin a lissafa talabijin da fanka, kuma janareto ko sola ne zai ɗauka. Faifai ma haka: inda data ke da tsada, wasa guda kuma na iya haura gigabait 100, faifan da za a saya na hannu, a yi musanya ko a sake sayarwa, shi ne abin da ke sa harkar ta yiwu.

Labari mai daɗi ga waɗannan shi ne tsohuwar na'ura ba ta mutuwa da wuri yanzu. A watan Mayun 2024, shekara uku da rabi bayan fitowar PS5, Sony ya nuna cewa kusan rabin na'urorin da ake kunnawa duk wata PS4 ne. Wasan ƙwallon EA Sports FC 26 da ya fito a Satumbar 2025 ya hau PS4, na'urar da ta shekara goma sha biyu. Tun da tazarar PS5 da PS6 za ta fi ta baya ƙanƙanta, kuma duka biyun na da SSD da tsarin AMD iri ɗaya, akwai kyakkyawan dalilin tsammanin manyan wasanni za su ci gaba da fitowa a PS5 har bayan 2030. Wanda ke riƙe da kuɗinsa yana jiran PS6 zai yi jiran shekara biyu ko uku, sannan ya biya fiye da na yau. Wanda kuma ke jiran PS5 ta yi araha kamar yadda PS4 ta yi, shekara biyar ɗin da suka wuce ba su ba shi hujja ba, sai dai fitowar sabuwar ta zubo da tsofaffi kasuwar kayan hannu.

Abu biyu ne za su iya rushe wannan hasashe. Idan zazzaɓin gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ya sauka kafin 2027, masana'antun ram za su koma neman masu saye, Sony kuma zai iya yin irin bazatar da ya yi a Fabrairun 2013, lokacin da ya sanar da gigabait 8 a PS4 alhali ana ta raɗe-raɗin 4. Idan kuwa tsadar ta haɗu da ƙarin harajin shigo da kaya a Amurka, babbar kasuwar PlayStation, to ɗagewa zuwa 2028 ko bayanta ita ce mafita mafi sauƙi. A zangon da ya wuce, Cerny ya fara buɗe bayanan PS5 ne a wata hira da mujallar Wired a watan Afrilun 2019, wata goma sha tara kafin na'urar ta fito. Idan Nuwamban 2027 ne Sony ya nufa, to a cikin 2026 ya kamata a fara jin irin wannan bayani. Idan shekarar ta ƙare shiru, mai karatu ya ƙara shekara guda a lissafinsa.